Manhaja mai ƴanci cikin ma'aikatun gwamnati: abin da ya sa jandarmomin Faransa suka dace, birnin Munik ya koma baya

Ranar 14 ga watan Oktoba na shekara ta 2025, kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya daina aiko da gyaran tsaro na kyauta ga Windows 10, bayan shekara 10 da fitowarta. Na'urorin da ke aiki da ita ba su mutu ba, ana kunna su suna tashi kamar kullum. Amma duk wata kafa da ɓarayin intanet suka gano daga wannan rana, ba mai toshe ta, sai ga wanda ya shiga wani tsari na ƙarin wa'adi, wanda ma'aikatu ke biyan kuɗinsa. Windows 11 kuma, wadda ta gaje ta, ba ta karɓar na'urori da yawa na shekarun baya, ko da lafiyarsu lau. Ke nan shugaban buro da ke da irin waɗannan na'urori yana da hanya uku gabansa: ya sayi sababbi, ko ya ci gaba da aiki cikin haɗari, ko ya sake manhaja. Hanya ta uku ce ya kamata a duba da kyau, domin akwai hukumomin da suka bi ta tun fiye da shekara 20, kuma sakamakonsu bai zama ɗaya ba.

Mene ne manhaja mai ƴanci?

Na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda wasu ke kira ordinater wasu kwamfuta, ƙarfe ce kurum in ba a zuba mata umurni ba. Wannan umurni shi ne manhaja. Akwai uwar manhaja, wadda ke tada na'ura tana riƙe da dukan aikinta, kamar Windows ko Linux. Akwai kuma ƙananan manhajoji na aikin yau da kullum: ta rubuta wasiƙa, ta lissafi, ta aika saƙo, ta shiga intanet.

Manhaja iri biyu ce. Akwai rufaffiya, wadda kamfani ke ɓoye asalin rubutunta, ya sayar da izinin aiki da ita kawai. Mai saye ba ya da ikon duba cikinta, balle ya gyara ta. Akwai kuma mai ƴanci, wadda aka bayyana asalin rubutunta ga kowa, aka ba kowa izinin aiki da ita, da bincikenta, da gyara ta, da raba ta ga wasu. Wani Ba'amurke, Richard Stallman, shi ne ya kafa wannan tafarki a shekara ta 1983. A 1991 wani ɗalibi na ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara Linux. A 2004 wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fito da Ubuntu, wani nau'in Linux da aka sauƙaƙa domin mutumin da ba gwani ba. A 2010 aka kafa LibreOffice, wadda ke aikin rubutu da lissafi irin na Microsoft Office. Mutane da yawa ma suna aiki da manhaja mai ƴanci ba su sani ba: VLC da ake kallon fim da ita, ɗalibai ne suka fara ta a wata babbar makarantar injiniyoyi ta Faransa.

Duk da haka, har yanzu Linux ba ta kai kashi 5 bisa ɗari na na'urorin tebur na duniya ba. Abu kyauta, amma jama'a ba su rungume shi ba. Dalilin yana bayyana cikin labarin hukumomi biyu na Turai.

Hanyar jandarmomin Faransa

Rundunar jandarmomin Faransa tana da ma'aikata wajen 100,000, warwatse cikin dubban ƙananan bariki na karkara. Aikinsu na takarda ne ƙwarai: rahoton bincike, sauraron shaidu, wasiƙu zuwa ga masu shari'a. Shugabanninsu ba su taɓa uwar manhaja da farko ba. A shekara ta 2005 suka cire Microsoft Office suka sa OpenOffice, amma bisa Windows ɗin da kowa ya saba da ita. A 2006 suka kawo Firefox domin shiga intanet, da Thunderbird domin saƙonni. Cikin wannan lokaci kuma suka riƙa sake gina manhajojin aikinsu na cikin gida, ta yadda za a buɗe su ta Firefox, ko wace uwar manhaja ce ke cikin na'urar.

Sai a watan Janairu na 2008 suka ba da sanarwar komawa ga Ubuntu, wadda suka gyara daidai da bukatunsu suka raɗa mata suna GendBuntu. Ranar da aka sake uwar manhajar, jandarma ya tarar da abin rubutunsa da abin saƙonsa na jiya suna nan yadda ya bar su. Sauyin bai yi masa zafi ba, domin an riga an yi mafi wuyarsa shekaru kafin nan. Ba a kuma yi gaggawa ba: a 2013 na'urori 37,000 ne suka koma, a tsakiyar 2024 kuma adadin ya zarce 100,000, wato kashi 97 bisa ɗari na na'urorin rundunar.

Dangance da kuɗi, a shekara ta 2009 wani hafsan rundunar, Xavier Guimard, ya bayyana cewa sun tsimi yuro miliyan 50 tun daga 2004. Da yake yuro ɗaya ya yi daidai da sefa 655 da ɗoriya, wannan ya haura sefa miliyar 32. A 2013 rundunar ta ce kuɗin riƙon kowace na'ura ya ragu da kashi 40 bisa ɗari. Wani ɓangare na ragin ya fito ne daga iya gyara na'urorin barikin nesa daga cibiya guda, ba sai gwani ya hau mota ya je ba.

Hanyar birnin Munik

Munik babban birni ne na kudancin Jamus. A shekara ta 2003 majalisar birnin ta sami kanta cikin hali irin na yau, domin Microsoft na shirin daina kula da Windows ɗin da ma'aikatanta ke aiki da ita. Majalisa ta yanke shawarar komawa ga Linux. Lamarin ya girgiza kamfanin har, tun kafin a yanke shawarar, shugabansa na lokacin, Steve Ballmer, ya zo da kansa wajen magajin gari Christian Ude da tayin ragin farashi, amma majalisa ba ta sake ra'ayi ba. An sa wa aikin suna LiMux. An fara sauya na'urori a 2006, aka kammala a ƙarshen 2013 da na'urori wajen 15,000, kuma hukumar birnin ta ce ta tsimi fiye da yuro miliyan 10, wato sama da sefa miliyar 6 da rabi.

Amma ƙorafi bai ƙare ba. Sauran hukumomin Jamus da birnin ke musayar takardu da su suna nan kan Microsoft Office, sai takarda ta zo a buɗe ta a ga jadawali ya karkace ko shafi ya goce. Wasu manhajoji na musamman da sassan birnin ke bukata ba su aiki sai da Windows, saboda haka dole aka riƙe iri biyu a lokaci ɗaya, da wahalar iri biyu. Aikin kula da na'urori kuma ya daɗe a rarrabe tsakanin sassa da yawa, kowane da nasa tsari. Ma'aikacin da na'urarsa ta yi nauyi ba ya bambanta laifin tsari da laifin manhaja. Abin da aka sake masa shi yake zargi.

A 2014 aka zaɓi sabon magajin gari, Dieter Reiter, wanda bai ɓoye rashin gamsuwarsa da LiMux ba. A 2016 Microsoft ta maido babbar cibiyarta ta Jamus cikin Munik. A watan Nuwamba na 2017 majalisa ta kaɗa ƙuri'ar komawa ga Windows, bisa kuɗin da aka ƙiyasta kusan yuro miliyan 50. A 2020 kuma sabuwar majalisa ta sake cewa za ta fifita manhaja mai ƴanci inda ya yiwu. Birnin ya biya kuɗin tafiya, ya biya na komowa.

Ina bambancin yake?

Manhajar hukumomin biyu kusan iri ɗaya ce. Bambancin yana ga yadda aka tafiyar da mutane da takardu. Na farko, jandarmomi suna da shugabanci ɗaya da cibiyar fasaha ɗaya, kuma umurninsu ba ya sakewa da zaɓe. A Munik aikin ya rataya ga ra'ayin wanda ke kan kujera. Na biyu, jandarmomi sun fara raba aikinsu da dogara ga Windows kafin su cire ta, yayin da Munik ta ci gaba da jan manhajojin da ba su rayuwa sai da ita. Na uku, mafi yawan takardun jandarmomi cikin gida suke yawo, na Munik kuwa kullum suna fita waje suna shigowa.

Wannan batu na takardu shi ne zuciyar maganar. Kowace takarda da aka rubuta da na'ura ana ajiye ta cikin wata siga. In sigar ta kamfani ɗaya ce, to, takardun haihuwa, da na filaye, da na albashi, duk suna cikin akwatin da makullinsa ke hannun wani. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Saboda haka aka tsara wata siga buɗaɗɗiya mai suna ODF, wadda hukumar daidaita ma'auni ta duniya ta amince da ita a 2006, kuma kowa na iya gina manhajar da za ta karanta ta. Hukumar da ta ajiye takardunta haka tana da ikon sake manhaja ran da ta so.

Komawar Munik ba ta rufe hanyar ba. A watan Afrilu na 2024 jihar Shileswik-Holstain ta arewacin Jamus ta yanke shawarar maida na'urori 30,000 na ma'aikatanta ga LibreOffice da Linux. Ita ma da manhajar rubutu da ta saƙonni ta fara, ta bar uwar manhaja zuwa baya, kuma hujjar da ta sa gaba ita ce gwamnati ta zama mai iko da bayananta.

Abin da ma'aikaci zai tarar

Ga sakatare ko mai lissafi, sauyin bai kai yadda ake tsoro ba. Writer tana madadin Word, Calc tana madadin Excel, kuma suna buɗe takardun da aka rubuta da na Microsoft. Wasiƙa, da rahoto, da jadawalin albashi mai sauƙi, duk suna tafiya daidai. Linux tana da nau'o'i marasa nauyi da ke tada na'urar da ta shekara 10, tana kuma da tsarin madannai na Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ. Tun da rubutunta a buɗe yake, ba a bukatar izinin kowa kafin a fassara ta cikin harshen ƙasa.

Akwai kuma wahala, wadda bai kamata a ɓoye ba. Takarda mai ado da yawa tana iya gocewa. Jadawalin da aka cusa wa ƙananan umurni na Excel yakan bukaci a sake gina shi. Wasu na'urorin buga takarda da wasu manhajojin lissafin kuɗi ba su yarda da Linux. Kyauta kuma ba ta nufin ba a kashe ko dala: kuɗin izini ne ya faɗi, na horo da na gwanayen gyara suna nan. Sai dai kuɗin izini waje yake fita, na horo da gyara kuwa ana iya biyan su ga ƴan ƙasa.

Abin lura ga shugabannin ma'aikatu

Wa'adin Windows 10 bai tsaya ga Turai ba. Ya shafi kowace na'ura da ke aiki da ita, a Yamai take ko a Maraɗi, Damagaram ko Tawa. Shugaban da ke tunanin sauyi zai amfana in ya bi matakan da aka riga aka gwada. Ya fara ƙidaya na'urorinsa da manhajojin da kowane sashe ke aiki da su, domin ya san waɗanda ba su rabuwa da Windows. Ya sa LibreOffice da Firefox bisa na'urorin yadda suke, ya ba ma'aikata lokaci su saba. Ya rubuta ƙa'ida game da sigar da za a riƙa ajiye takardu, ya kuma daidaita da hukumomin da yake musayar wasiƙu da su. Ya horas da mutum ɗaya aƙalla cikin kowane sashe, wanda abokan aiki za su nufa in abu ya cije. Bayan haka ne za a taɓa uwar manhaja, sashe bayan sashe, a bar ƴan na'urorin da dole su zauna kan Windows.

Wanda ya tashi rana ɗaya ya sake komi domin gudun kuɗin izini, zai tara ƙorafi, kuma magajinsa zai rushe aikin. Jandarmomin Faransa sun yi kusan shekara 20 kafin su kai inda suke, kuma tun farkon tafiyar ba su koma baya ba. Sannu ba ta hana zuwa.