Titin Illela zuwa Badagry: A ina matafiyi zai yada zango?

A watan Oktoban 2024 aka ƙaddamar da aikin babban titin da zai taso daga Illela ya dire Badagry, mai tsawon sama da kilomita 1,000. Tun daga lokacin muhawarar 'yan siyasa ta tsaya kan kuɗin kwangila da ranar kammalawa. Ba kasafai ake tambayar inda direban tirela ko makiyayi zai kwana idan dare ya riske shi ba.

Fataken da suka riƙa kai kaya Gwanja suna sayo goro sun ɗauki wannan tambaya da muhimmanci. Madugu ba ya sauke ayari sai ya tabbatar da ruwa, da abincin dabbobi, da amincin wurin, kuma tazarar zango da zango ba ta wuce tafiyar yini guda. Garin da ya cika waɗannan sharuɗɗa yakan samu kasuwa da masu masauki. Kalmalo, da tafkinta da kusancinta da Birnin Ƙonni a Nijar, tana cikin wuraren da masu dabbobi suka daɗe suna shayarwa.

A tsaunukan Alps na Turai ma haka lissafin yake. Ƙungiyar masu hawan tsaunuka ta Suwizalan, wadda aka kafa a 1863, tana kula da ɗakunan kwana kimanin 150 a kan duwatsu. Mai tafiya a ƙafa yana auna nisa da yanayi, ya kama gado tun kafin ya tashi, domin a yankuna da dama an taƙaita kafa tanti. Akwai mai kula da masaukin, akwai kuma wanda za a tuhuma idan ya lalace.

Illela ta ga illar rashin irin wannan tsari. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka, manyan motoci suka yi jerin gwano a bakin hanya, direbobi suna kwana a ƙarƙashinsu, har zuwa Maris na 2024 da aka buɗe. Ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025 kuma ta jefa shakku kan yarjejeniyar 1998 da ta tsara ketarawar makiyaya. Ga matsalar tsaro a gabashi da arewacin Sakkwato, inda kwana a wurin da bai dace ba kan zama sanadin rasa rai ko dukiya.

Saboda haka akwai tambayoyin da ya dace matasan yankin su riƙa yi wa wakilansu da Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya: wurin hutawa nawa aka tsara a ɓangaren Sakkwato? Wa zai samar musu da ruwa da tsaro? Ina burtali zai ratsa titin? Idan ba a amsa su kafin a zuba kankare ba, motoci za su riƙa wuce garuruwa irin Kalmalo da gudu, cinikin ya tafi wani wuri.