Katin tishi da jarrabawar zama likita

Duk wanda ya shiga makarantun koyon aikin likita na ƙasar Amurka a wannan zamani zai tarar da wata al'ada wadda magabata ba su sani ba. Samari da ƴan mata, a ɗakin karatu, a wurin cin abinci, har cikin motar da ke kai su asibiti, kowa ya duƙufa bisa salula yana latsawa. Baƙo sai ya zaci hira suke yi da abokai, alhali kuwa tishin karatu ne. Abin da ke gabansu kati ne mai huska biyu, ɗaya tana ɗauke da tambaya, ɗayar kuma da amsa. Ɗalibi zai karanta tambaya, ya nemo amsa a cikin kanshi, sannan ya juya katin ya ga ko ya dace. In ya dace, na'ura ta ɓoye katin har wasu kwanaki. In ya kuskure, ta maido mashi shi nan da nan.

Dalilin wannan wahala ba ɓoyayye ba ne. A Amurka, takardar makaranta ita kaɗai ba ta ba mutum izinin duba maras lahiya, sai ya ci wata jarrabawa ta ƙasa mai mataki 3 wadda ake kira USMLE. Matakin farko kaɗai wuni guda ne na awa 8, da tambayoyi har 280 bisa ga ginin jikin mutum, da aikin gaɓoɓi, da ƙwayoyin cuta, da magunguna. Ƙasusuwa 206 na jikin baligi ɗan ƙaramin yanki ne na abin da ake son ɗalibi ya riƙe, domin kowace jijiya tana da suna da hanya, kowane magani kuma yana da aiki, da ƙima, da illa, da wanda bai kamata a ba shi ba. Wanda ya koyi abu a watan farko na karatu, dole ne ya kawo shi bayan shekara 2 kamar jiya ya ji shi.

Mantuwa kuwa tana da tata ƙa'ida, kuma an daɗe da auna ta. Wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa sakamakon binciken da ya yi a kan kanshi a shekarar 1885. Yakan hardace jerin gaɓoɓin magana marasa ma'ana, ya bar su, sannan ya komo ya ga lokacin da zai kashe kamin ya sake riƙe su. Bayan awa ɗaya tak, sai ya kashe hiye da rabin lokacin da ya kashe da farko. Bayan wata guda, kusan kashi 4 cikin 5. Wato zubewar tana da sauri ƙwarai a awoyin farko, daga nan sai ta lafa. Ya kuma lura cewa maimaici da aka rarraba cikin kwanaki ya hi wanda aka tara a zama ɗaya albarka. A 1972, ɗan jarida Sebastian Leitner ya maida wannan sani abin aiki: akwati mai ɗaki 5, katin da aka sani ya matsa gaba inda ake jinkirin duba shi, wanda aka manta ya koma ɗakin farko ko da ya kai na ƙarshe. A 1987 wani ɗalibi ɗan ƙasar Folan, Piotr Wozniak, ya ɗora ma kwamfuta lissahin kwanakin, kuma a 2006 Damien Elmes ya hitar da Anki, wadda ita ce ɗaliban likita suka hi runguma. Sunan daga harshen Japan yake, ma'anarshi harda. Kyauta ce a kwamfuta da mahi yawan saluloli.

Akwai manyan malamai da ke raina wannan hanya, suna kiran ta hardar aku. A nan ba su yi adalci ba. A shekarar 2008, masana biyu na Amurka, Karpicke da Roediger, sun ba ɗalibai kalmomi 40 na harshen Suwahili tare da fassararsu. Wasu aka ci gaba da yi masu tambaya bisa ga kalmomin duka, wasu kuma aka daina tambayar su duk kalmar da suka taɓa kawowa daidai. Bayan sati ɗaya, na farko suka tuna da wajen kashi 80 cikin 100, na biyu kuwa wajen sulusi kawai, har da waɗanda aka bari suna ta sake karanta kalmomin. Ashe ƙoƙarin jawo amsa daga cikin kai shi ne ke kafa ta, sake duban takarda kuwa daɗin rai kawai yake kawowa. Kuma likitan da aka tada da tsakar dare domin yaro mai jijjiga ba shi da hilin buɗe littahi. Abin da ke kanshi a wannan lokaci shi ne jarinshi, kuma iyayen yaro ba za su tambaye shi ta wace hanya ya riƙe ba.

Mai karatu da ya zauna makarantar allo ba zai ga baƙon abu a nan ba. Almajiri ba ya barin abin da ya wuce, yana komawa kanshi da tishi, mahardaci kuma bai rabuwa da tilawa har tsuhanshi, don ya san abin da aka bari yakan gudu. Amma akwai wani bambanci wanda ya kamata a tsaya a kanshi. A makarantar allo, yaro ba ya wanke allo bisa ga shaidar kanshi, sai ya biya a gaban malam, malam ya ji da kunnenshi ya ce a wanke. A cikin salula kuwa, ɗalibi shi ne mai biyawa, shi ne kuma alƙali. Ya juya kati, ya ga amsa, zuciya ta ce mashi ai dama ya sani, sai ya latsa cewa ya iya. Na'ura ba ta da hanyar ƙaryata shi, za ta ɗauki maganarshi ta ɗage katin zuwa watanni. Bugu da ƙari, wanda ya ga kati ɗaya sau 20 yakan gane shi tun daga kalmomi ukun farko, kamar yadda ake gane maƙwabci da takunshi, ba tare da ya yi tunanin cutar da ake magana a kai ba. Maras lahiya kuwa ba ya zuwa da waɗannan kalmomi uku. Zai ce cikinshi ke murɗa, ko jikinshi duka ba daɗi, ko ma ya yi shiru mai rakiya ya yi magana a madadinshi.

Abu na biyu ya hi wannan nauyi. Da farko kowane ɗalibi shi ke rubuta katinshi, kuma cikin rubutun ne rabin ganewa take, domin ba ya yiwuwa mutum ya matse darasi cikin tambaya ɗaya sai ya san inda zuciyar darasin take. Yanzu kuwa akwai tarin kati da aka riga aka shirya, ana ɗauko su ta intanet. Wanda ya hi suna, AnKing, ya zarce kati 30.000. Lissahin ba shi da wuya. Mai son gama kati 30.000 cikin shekara 2 sai ya buɗe sababbi wajen 40 kowace rana. Littahin jagora na Anki da kanshi yana gargaɗi cewa sabon kati 20 a rana yana jawo tishin wajen 200. Ke nan mai 40 yana da wajen 400 da ke jiran shi kowace sahiya, ranar hutu da ranar aiki. In zazzaɓi ya kwantar da shi kwana 3, ya tashi da bashin da ya haura 1.000. Wanda ke bin irin wannan bashi, da wuya ya samu zuciyar tsayawa bakin gadon tsohuwa ya saurari labarin ciwonta tun daga damanar bara. Gani zai yi ana ci mashi lokaci.

Sannan kati ba ya sanin ranar da gaskiyarshi ta tsufa. Duk wanda ya girma a ƙasar nan kamin shekarun 2000 ya san nibakin, kuma da an rubuta kati a lokacin bisa ga maganin zazzaɓin cizon sabro, sunanta za a sa a bayanshi. Ƙwayar cutar ta daina jin ta, aka koma ga magungunan da ake haɗawa da artemisinin. Ga zazzaɓi mai tsanani, allurar kinin ce aka daɗe ana koyarwa, har Hukumar Lahiya ta Duniya ta gabatar da artesunat a kanta, ga yara ma, a 2011. A 2015 kuma hukumar ta ƙara ƙimar da ake ba yaron da bai kai kilo 20 ba, daga miligram 2,4 zuwa miligram 3 ga kowane kilo. Ɗalibin da ya yi shekara 3 yana tishin tsohon adadi zai riƙe shi gam, kuma ƙarhin hanyar shi ne zai zame mashi cikas, domin abin da aka kafa da kyau yana da wuyar tumɓukewa.

To, laihin wa ne? Masu zargin ɗalibai sun manta cewa ɗalibi ruwa ne, inda aka yi mashi gangare nan yake bi. Shekara da shekaru, makin matakin farko na USMLE shi ne asibitocin Amurka ke dubawa wajen zaɓen waɗanda za su horar a fannoni masu tsada. Wanda gobenshi ta rataya ga lamba 3 ba za a ga baikenshi ba in ya bar zauren darasi ya ruhe kanshi da kati. Hukumomin jarrabawar sun ga haka, suka daina ba da maki daga watan Janairu na 2022, sai dai a ce an ci ko an faɗi. Amma mataki na biyu yana nan da makinshi, kuma ido ya koma can. Abin da ya hi ban mamaki shi ne, ɓangaren da ake gwada ɗalibi a gaban mutum mai rai, wanda aka horar ya yi kamar maras lahiya, an dakatar da shi a 2020 saboda annobar korona, aka kuma soke shi ɗungum a Janairun 2021. Wato abin da kati ba ya iya koyarwa shi ne aka cire daga jarrabawar ƙasa, aka bar ma kowace makaranta ta auna shi yadda ta ga dama.

Faransa ta bi wata hanya daban. Jarrabawarta ta shekara ta shida ba ta izinin aiki ba ce kamar ta Amurka, ita ce ke raba ɗalibai ga fannoni da garuruwa, amma nauyinta ga rayuwarsu ɗaya ne. Daga 2023 aka sake mata tsari: kashi 60 cikin 100 ga tambayoyin da ake amsawa a na'ura, kashi 10 ga abin da ɗalibi ya yi cikin shekarun karatunshi, kashi 30 kuma ga gwajin aiki, inda yake zagaya tasha 10, a kowace ya tarar da matsala da masu sa mashi ido yana tambaya, yana dubawa, yana bayani. An fara wannan gwaji a ƙasa baki ɗaya a 2024, ko da yake dabarar tsohuwa ce, likita Ronald Harden ya bayyana ta tun 1975 a garin Dandi na ƙasar Sikotilan. Tsarin yana da tsada, yana cin malamai da ɗakuna, kuma ɗaliban Faransa sun yi ƙorahi bisa ga yadda ake ba da maki. Duk da haka hanyar ita ce daidai. Wanda ya san za a dube shi yana taɓa cikin maras lahiya, zai nemi maras lahiya ya koya a kanshi ba sai an tura shi ba.

Zancen ya shahi Nijar ta huska ɗaya bayyananna: salula tana aljihun ɗaliban likita na Yamai da Maradi da Damagaram, kuma abin da ke kyauta a intanet ba ya neman biza kamin ya ƙetare iyaka. Katin da aka shirya domin jarrabawar Amurka ko ta Faransa yana bin cututtukan da ke damun waɗannan ƙasashe da dokokin asibitocinsu. Zazzaɓin cizon sabro, da sanƙarau na lokacin zahi, da ƙyanda, da tamowa, da zubar jini bayan haihuwa, waɗanda ke cika gadajen asibitocin ƙasar nan, ba su ne ke gaba a can ba. Hana ɗalibai anfani da kati ba zai yiwu ba, kuma ba shi da kyau. Abin da ya dace shi ne malaman makarantun su shiga cikin aikin: ɗalibai su rubuta kati da hannunsu daga darasi da kuma ƙa'idodin ma'aikatar kiwon lahiya, malami ya duba kamin a raba, kowane katin magani kuma a sa mashi shekarar ƙa'idar da aka ɗauko shi, don a san ranar da za a jefar da shi. Ɗalibai su riƙa yi ma juna tambaya baki da baki, kada kowa ya zama alƙalin kanshi. Wanda ba shi da salula mai ƙarhi, ko wutar lantarki ta yanke mashi, kwalin sukari da ƴan yankakkun takardu sun isa su yi mashi akwatin Leitner mai ɗaki 5. A jarrabawar ƙarshen shekara kuma, makin da ake samu a bakin gado, cikin harshen da maras lahiya ke ji, Hausa ko Zabarmanci ko Hillanci ko Tamashek ko Barbarci, ya zamo mai nauyin da zai iya kada ɗalibi ko da ya cika takardarshi ba kuskure.