Ciwon Bayan Mai Tsohon Ciki: Aiki Ga Magidanta

A Arewa, idan mace mai tsohon ciki ta ce bayanta yana ciwo, akwai uwa ko kaka kusa da za ta duba ta. A nan Kurmi kuwa, a Agege ko Obalende ko Sabon Ibadan, sau da yawa daga ita sai ɗakin haya, mai gida ya tafi kara ko wurin gadi. Saboda haka ya zama tilas magidanci ya san abin da tsofaffi suka sani, ya kuma ƙara da na likita.

Yawancin ciwon bayan masu ciki ba shi da hatsari. Nauyin ciki ne ke jan ƙugu gaba, gaɓoɓi kuma suna saki domin shirin haihuwa. Irin wannan yakan lafa idan ta kwanta ta gefe, ta sa matashi tsakanin gwiwoyi, ta huta da ɗaukar ruwa da yawan sunkuyo.

Amma fa akwai wanda naƙuda ce ta zo kafin lokaci. Ciki yakan yi mako 40, wanda aka haifa kafin mako 37 kuwa shi ne bakwaini. Alamarsa ita ce ciwo a ƙasan baya mai zuwa yana tafiya, kwanciya ba ta kawar da shi, ciki yana tamkewa kamar bayan kowane minti 10, mara ta yi nauyi, ko a ga ruwa ko jini ko majina. Mata sukan ce ai zaƙi ne ke fita, a kawo jiƙo, alhali mai yiwuwa faya ce ta fashe. Haka kuma ciwo a gefen baya tare da zazzaɓi da zafin fitsari yana iya zama ciwon ƙoda, wanda shi ma yakan tayar da naƙuda, kamar yadda zazzaɓin cizon sauro yake yi.

Dalilin gaggawa shi ne, idan ciki bai wuce mako 34 ba, akwai allurar da ake yi wa uwa domin huhun jariri ya yi ƙwari, kuma tana bukatar lokaci kafin ta yi aiki sosai. Wadda aka kai asibiti da asuba tana iya samun wannan amfani. Wadda aka bari sai mai gida ya dawo da dare, wataƙila ta rasa shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 an haifi bakwaini miliyan 13.4 a duniya, watau wajen ɗaya cikin goma, Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashen da ke kan gaba.

Wasu za su ce asibiti akwai tsada da dogon layi, ga shi matar ba ta jin Yarabanci ko Turanci. Gaskiya ne. To amma kuɗin awo bai kai na jinyar bakwaini a kwalba ba, kuma ba a rasa maƙwabciyar da za ta yi tafinta. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas yana Idi-Araba, cikin jama'armu, na Ibadan kuma ba shi da nisa da Sabo. Tun 2016 hukumar nan ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya sau takwas kafin ta haihu.

Saboda haka magidanci ya bar wa iyalinsa izinin fita da kuɗin mota tun kafin bukata ta taso. Ya hana sayen ƙwayoyin ciwon jiki barkatai a kemis ko cikin mota, domin irin su Ibuprofen da Diclofenac suna iya cutar da ɗan da ke ciki a watannin ƙarshe. Mai niyyar tura matarsa gida goyon ciki ya yi da wuri, bayan ya ji ta bakin ma'aikatan awo. Daga Legas zuwa Kano tafiyar wajen kilomita 1,000 ce, ba a so naƙuda ta riski mace a tsakiyar daji.

Su kuma mata, musamman masu cikin fari, su rage kunya, ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sarakunan Hausawa da limamai na zango-zango su riƙa tunatar da jama'a wannan magana a wurin suna da ɗaurin aure.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, amin.