Ushafa Na Nan a Bayan Gidanmu



Ranar Lahadi ina zaune a shagon Baba, kasuwa ta yi sanyi, sai na ci karo a waya da hoton wani tsibiri mai suna Rapa Nui, can tsakiyar tekun Fasifik, sama da kilomita 3,500 daga gaɓar ƙasar Chile. Mutane na zuba kuɗi, su yi wajen awa biyar a jirgi daga Santiago, don kawai su ga manyan gumakan dutse da kakannin mutanen wurin suka sassaƙa. Na nuna wa Baba ina ta mamaki. Ya dube ni ya ce, "Kai da ko Ushafa ba ka taɓa takawa ba?"

Wallahi na ji kunya. A nan aka haife ni, amma sai washegari na fara zuwa.

Garin na gindin duwatsu, kusa da madatsar ruwa ta Usuma da ke shayar da Abuja. Amma abin da ya tsayar da ni shi ne matan Gbagyi masu ginin tukwane. Ba inji. Mace ta ɗora yumɓu, tana zagaya shi tana ɗaga bakinsa da hannu, har randa ta tashi sumul. Irin sana'ar da ta kai hoton Ladi Kwali kan takardar naira 20 ke nan. A watan Agusta na 2000 Bill Clinton, yana shugaban Amurka, ya zo wannan ƙauye da ƙafarsa. Mu da kuɗin acaɓa kawai zai kai mu, mun ƙi.

Ra'ayina, ba rashin lokaci ba ne, raini ne. Muna sayar musu da gishiri da atamfa, muna zaune a ƙasarsu, amma idan yaro ya kasa magana sai mu ce yana "gwaranci". Ko gaisuwarsu ɗaya ban iya ba, alhali matar da na sayi tulu a hannunta da Hausa ta yi ciniki da ni.

Duk wanda ya ga tokar kasuwar Bwari bayan rikicin Kirsimetin 2017 ya san inda rashin sanin juna ke kai mutane. Ban ce tukunya za ta kashe rigimar sarauta ba. Amma ku kai yaranku Ushafa ranar hutu, ku gaisa da mutane, ku sayi wani abu.

Tulun yana shago yanzu. Baba ya daina aikena sayen ruwan sanyi.