Ba Ranar Fareti Kaɗai Ake Tunawa da Malamin Sikawut Ba

'Yan'uwa malamai, duk shekara da zarar 27 ga Mayu ta ƙarato, sai a shiga cigiyar malamin sikawut. A ce ya fito da yara su yi maci a gaban manyan baƙi, su sara, a tafa. Idan aka ci kofi, a ofishin hedimasta yake kwana. Washegari kuwa babu mai tambayar wanda ya ɗinka kayan, balle wanda ya biya kuɗin mota. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shekara tara ke nan da na kafa rundunar makarantarmu da yara goma sha huɗu, da igiya ɗaya, da usur na aro. Gida gida na bi ina rarrashin iyaye cewa ba soja za a kai 'ya'yansu ba. Muna haɗuwa da yammacin Alhamis, ranar da babu Islamiyya, kuma ban taɓa karɓar ko sisi a kan wannan aiki ba.

Wasu abokan aiki kan ce: albashi bai isa ba, ƙarin girma ya maƙale, wa zai ɗora wa kansa wahalar banza? Kukansu gaskiya ne, kuma duk ranar da ƙungiya ta kira yajin aiki ina sahun gaba. Amma kalmar "banza" ce ban yarda da ita ba. Lokacin da Baden-Powell ya kai yara ashirin sansani a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907, ya kasa su gida huɗu, kowane kashi da yaro a matsayin jagora. Harkar ta iso Najeriya a 1915, kuma har yau a kan wannan tsari take. Yaron da aka damƙa wa 'yan'uwansa shida, ya raba musu aiki, ya ɗaure rauni, ya amsa laifi idan sun yi kuskure, ya koyi abin da ajin da ya cika maƙil ba zai koya masa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne duk nauyin yana wuyan mutum ɗaya. A wata makaranta kusa da mu, an yi wa malamin sikawut canjin wurin aiki, kafin zangon karatu ya ƙare rundunar ta watse, gara ta cinye tantin a sito.

Saboda haka ina kira ga reshenmu da ya tsaya a kan abu uku. Kowace runduna ta samu jagora biyu. Ƙungiyar iyaye da malamai ta ɗauki nauyin kayan yara marasa hali. Sannan kafin a ɗauke malamin sikawut daga makaranta, a tabbatar akwai magajinsa. Ba alawus muke roƙo ba. Muna so ne idan muka tafi, aikin ya tsaya da ƙafarsa.