Yarinyar da ta iya canji, me ya sa "problème" ke kada ta?

Ƴan uwa matasa, ku lura da wani abu. A ƙasar nan da dala muke ƙirga kuɗi: 100F dala ashirin ce, 500F dala ɗari, 1000F jika. Ke nan yarinyar da ke tallan ƙosai a Maraɗi ko Damagaram kullum cikin ninkawa da rabawa da biyar take, da ka, ba alli ba allo. Amma a zaunar da ita a CM1, a rubuta mata "problème", sai ta yi zuru.

Binciken PASEC na 2014 ya nuna ko yaro 1 cikin 10 na ƴan CM2 ɗinmu bai kai matakin da ake so a lissafi ba. Ni ban yarda kan yaran ne ya toshe ba. Darasin ne ake farowa ta wutsiya. Mushe ya rubuta ƙa'ida, ya yi misali, a kwafa, a yi goma irinsa. Daga nan yaro ya koma farautar kalmomi: ya ga "en tout" ya tara, ya ga "reste" ya rage, ko labarin bai karanta ba.

A ganina, daga CE2 zuwa CM2, da matsalar ya kamata a buɗe darasi. An aike ka da jika biyar, tiyar hatsi 700F. Tiya nawa za ka kawo, canjinka nawa? Sai mushe ya yi shiru, wanda shi ne mafi wuya. Wani zai yi ta tara 700 har ya kusa 5000. Wata za ta ce tiya biyar 3500F, ta ƙara biyu. Wani ma da dala zai bi. Kowa ya fito ya kare hanyarsa, a yi gardama, a tsaya kan tiya 7 da dala ashirin. Sannan a gaya musu abin da suka yi sunansa rabawa, canjin nan kuwa shi ne "reste".

Na san za a ce aji ya cika maƙil, wasu ma a rumfar zana suke. Gaskiya ne. Amma yara huɗu da allo guda ba ya cin ko dala. Lokaci yake ci, kuma malamin da ake tambayarsa shafi nawa ya rage a shirin shekara ba zai bar yara su yi minti ashirin kan tambaya guda ba. Wannan maganar ce nake so mu kai taron COGES na unguwanninmu, mu kuma faɗa wa sufetoci.