ZAUREN 'YAMMATA: Kar Ki Ba Ɗan Gwangwan Motar Nan



Yau maganata kan 'yan motocin wasan nan ne na ƙarfe, masu nauyi a hannu, da kan ɓuya a ƙasan adakar iyayenmu. In kin ci karo da ɗaya, juya cikinta. Kika ga an rubuta Lesney da England, to Matchbox ce ta asali, wadda aka fara ƙerawa a Landan a 1953, kamfanin kuwa ya durƙushe tun 1982. Ita ma Dinky an rufe masana'antarta ta Liverpool a 1979. Shi ya sa Turawa ke rububinsu wajen gwanjo.

Amma fa don Allah kar ki kuskura ki dirje ta da toka ko ki sake mata fenti wai ta yi kyau, kin kashe kuɗinta ke nan. Fentin asali ake nema, ko ya koɗe, da tayoyi huɗu cif. Ɗan kwalinta kuwa, da mukan fara jefarwa shara, yakan ninka farashin.

Ɗan gwangwan kuɗin alewa zai ba ki. Naɗe ta a ƙyalle, ki ɓoye nesa da danshi da ƙannenki.

Sai fitowa ta gaba.